Rigar Gwanjo a Ƙarƙashin Laffaya

Mu mutanen Kano, in aka ce Maiduguri, zafi ne ke fara faɗo mana a rai. Ba laifinmu ba ne, domin duk wanda watan Afrilu ya taɓa riska a can, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san abin da ake faɗa. Amma garin yana da sanyinsa, kuma ba na wasa ba. Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu iskar hunturu kan taso daga hamadar Cadi ta sauko kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Borno, babu dutse babu kurmi da zai rage mata ƙarfi. Da asuba ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 15, kafin azahar kuwa rana ta take har sai an nemi inuwa. Macen da za ta fita tun sassafe ta dawo da yamma, sanyi da zafi da ƙura duk a wuni ɗaya suke jiran ta, kuma da shiga ɗaya za ta tare su. A irin wannan lokacin ne na je gaida gwaggona da ke aure a Umarari.

Mun bar Kano bayan sallar asuba, hazo ya rufe gabas. Wudil, Azare, Potiskum, Damaturu, tafiyar kusan kilomita 600. Daga Damaturu direba ya daina hira, sai duba agogo, saboda kowa yana son a wuce Benisheikh da Jakana da sauran rana a sama. Da muka zo Auno motar ta yi tsit. A nan ne a watan Fabrairu na 2020 aka kashe matafiya kusan 30 waɗanda dare ya yi musu a bakin hanya. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta yi musu addu'a a hankali, muka shafa. Sai da muka wuce Njimtilo, darbejiyar Maiduguri ta fara jeruwa a gefen titi, sannan aka sake jin muryoyi, kowa yana kiran gida yana cewa an iso lafiya.

Babu acaɓa a garin tun 2011 da gwamnati ta hana hawan babur, don haka Keke Napep na hau zuwa arewacin gari, ta wajen Bolori. Tun kafin mu bar hanyar Baga ƙamshin banda ya tare mu, kifin Tafkin Cadi da ake saukewa a kasuwar kifi kwali-kwali. Da muka karya cikin unguwa kwalta ta ƙare, tayar keke ta shiga rairayi mai laushi, irin wanda ke cika silifas tun taku na uku. Unguwannin wannan ɓangare sun sha wuya a shekarun rikici. Gidaje da dama an bar su, daga baya aka dawo, kuma har yanzu za ka ga katanga rabinta tsoho rabinta sabon bulo.

Washegari da sanyin safiya aka aike mu sayen ƙosai, ni da ƙaramar 'yar gwaggo. Mai ƙosan matashiya ce, tana zaune a kan kujerar tsugunno, ta naɗa laffaya ruwan ƙasa kamar yadda matan Kanuri da Shuwa ke naɗawa, ta rufe kai da kafaɗa. Da ta miƙa hannu za ta juya ƙosai sai na ga hannun riga mai kauri, mai zanen gida-gida ja da baƙi, an naɗe shi sau biyu zuwa tsakiyar damtse. Ta tura bakin laffayar baya ta danne da kafaɗa don kada ya leƙa wuta. A ƙasa kuma, inda na saba ganin silifas da farar dunduniya, gajeren but ne baƙi wanda ya tsaya daidai saman idon sawu, da safa a ciki. Toka da rairayi sun hau kansa, amma ƙafar tana rufe. Ta lura ina kallon ta, ta yi murmushi.

"Hajiya, baƙuwa ce ke ko? Sannu da zuwa. Sanyinmu sai da wannan."

Na ce mata ya yi mata kyau, kuma da gaske nake. Daga wannan safiyar idona ya buɗe. Na ga irin wannan shiga a jikin malamar makaranta tana jiran keke, na gan ta a jikin mata a layin ɗiban ruwa, da 'yan mata masu tafiya Islamiyya, hannun rigar yana leƙowa ta ƙasan hijabi. Ba kowace mace ba, tsofaffi suna nan da suwaitarsu da zane biyu. Amma a cikin masu fita nema da ɗalibai, shigar ta zauna.

Babbar 'yar gwaggo ɗaliba ce a Jami'ar Maiduguri, kuma ita ce ta nuna mini cewa abin yana da ƙa'ida. Na zauna a bakin gado ina kallon ta tana shiri. Ta fara da doguwar riga baƙa marar ado, ta ɗora filanel, wato rigar nan mai zanen gida-gida, a kai ba ta sa maɓalli ba, ta bar shi a buɗe. Rigar filanel ɗin ta fi ta girma da gangan, kafaɗar ta ɗan zarce tata, gindin ya sauka har ya rufe ƙugu da mazaunai. Zanen shuɗi ne da toka-toka, sai ta ɗauko mayafi toka-toka wanda babu ko ɗigon fure a jikinsa.

"Yaya, launi ɗaya ake cirowa daga cikin rigar a ba mayafi. In kika haɗa ta da atamfa mai manyan furanni, ido ba ya samun wurin hutawa."

Ta ce in da laffaya za ta fita, rigar ciki take komawa, a sa maɓallanta duka. Kwalar ce matsala, don tana tasowa ta yi tudu a inda laffaya ke bi ta kan kafaɗa, shi ya sa wasu ke kai wa tela ya cire ta ya mayar da wuyan zagayayye. Laffayar kuma gara mai launi ɗaya, ko mai kauri kaɗan, domin in shara-shara ce zanen gida-gidan zai riƙa bayyana ta ciki ya ɓata mata kwarjini. Game da takalmin, abin da ta fi kula da shi shi ne inda bakin riga ke tsayawa. In rigar ta yi tsawo har tana jan ƙasa, ta share rairayin unguwa kuma ta ɓoye takalmin. In ta ɗage da yawa, ƙwauri ya fito. Daidai bakin but ɗin ake so ta sauka, yadda in an taka za a ga goshin takalmin da dunduniyarsa kawai. Siket mai faɗi da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa duk wannan awon suke bi. Dunduniyar ba ta wuce faɗin yatsu biyu, kuma mai faɗi, don mai tsini nutsewa yake yi a rairayi.

Na tambaye ta me ya sa duk waɗanda na gani masu zif ne ko masu roba a gefe, ban ga mai igiya ba. Ta ce alwala. Mace tana cire takalmi a ƙofar kowane ɗaki da za ta shiga gaisuwa, tana cirewa a masallacin makaranta, ga salloli biyar. Wadda ta sa mai igiya za ta wuni a sunkuye. Littattafan fiƙihunmu na Malikiyya suna da babin shafa a kan huffi, da sharaɗin ya zama na fata, mai tsarki, ya rufe idon sawu, kuma an sa shi bayan cikakkiyar alwala. Amma takalmin da ya wuni yana taka titi, yawancin mata cire shi suke yi su wanke ƙafa, hankalinsu ya fi kwanciya. Don haka zif ɗin da ke zugewa da hannu ɗaya ya fi musu kowane ado.

In rana ta yi, sai ta cire filanel ɗin ta ninke ta sa a jaka. A hotunan intanet matan Turai ɗaure shi suke yi a ƙugu, hannayen rigar suna reto a gaba. A Umarari ban ga mace ko ɗaya ta yi haka ba, kuma da na ambata, gwaggo daga tsakar gida ta ce, "A gidan wa?"

Gwaggo dai ba ta gama yarda da shigar ba. Da daddare muna zaune gefen kaskon garwashi ta faɗi abin da ke ranta. Ta ce wannan rigar maza ce, ta ga irinta a jikin direbobin tirela, takalmin kuma na sojoji ne aka gajarta, kuma addini ya hana mace kwaikwayon namiji a shiga. 'Yarta ta amsa cikin ladabi, kanta a ƙasa.

"Inna, duk wanda ya hango ni daga nesa, mace ya hango. Laffayata ce a sama. Wannan maganin sanyi ne kawai."

"Mu da muka yi namu zamanin, sanyin bai kashe mu ba."

"Amma kin yi ta fama da faso, Inna. Har yanzu kina shafa man kaɗanya kina ɗaurewa da leda."

Gwaggo ta dubi dunduniyarta ba ta ce komai ba. Ni ba malama ba ce, ba zan yanke hukunci a kan abin da ya shafi addini ba, amma a wannan muhawara ina bayan yarinyar. Abin da ido ke gani a titi shigar mace ce cikakkiya, mai sutura fiye da ta da ma, tunda wuyan hannu da idon sawu da a baya suke fita yanzu sun rufu. Kuma wanda bai taɓa taka ruwan sanyi da fasasshiyar dunduniya ba, bai san darajar rufaffen takalmi ga macen da ke fita ɗiban ruwa kafin rana ta fito ba. Su kansu Turawa, gajeren but na mata ya yi tashe a wurinsu ne a ƙarni na 19, lokacin da bayyana idon sawu abin kunya ne ga mace a Ingila, ana sa shi a ƙarƙashin dogayen riguna. Mai robar gefen nan da ake zurawa ba igiya, wani mai yi wa Sarauniya Biktoriya takalma, Joseph Sparkes Hall, shi ya fito da shi a wancan zamanin.

Damuwar gwaggo tana da wani tushen da ya fi wannan zurfi, kuma na fahimce ta. A garin nan an yi shekarun da suturar mace ta zama abin tsoro. Akwai wata Umararin a bayan gari ta wajen Molai, a hanyar Damboa, inda a watan Maris na 2016 mata biyu suka tayar da bam a masallaci lokacin sallar asuba, mutane fiye da 20 suka rasu. A shekarar 2015 Cadi ta hana rufe fuska, haka aka yi a arewacin Kamaru da yankin Diffa na Nijar. A Maiduguri mace mai babban hijabi kan tsaya daga nesa a shingen bincike, wani lokaci a ce ta ɗaga hannuwa, ana kallon duk wani tudu a jikinta da zargi. Uwar da ta ga wannan, ba za ta so 'yarta ta fita da wani abu mai kauri a ƙarƙashin mayafi ba tare da gabanta ya faɗi ba. Yau yarinya tana cusa riga mai kauri a cikin laffaya ta hau keke ba wanda ya ɗaga ido, kuma ni na ɗauki wannan a matsayin babban sauƙi da Allah ya kawo wa garin.

Da muka shiga Monday Market ni da babbar 'yar gwaggo, na ga inda kayan ke fitowa. Kasuwar ta ƙone a ranar 26 ga Fabrairu, 2023, aka sake gina ta, kuma 'yan gwanjo sun koma harkarsu a ciki da gefunanta. Mun yi sa'a ana fasa dila. Yaro ya yanke ƙarfen ɗaurin, tulin da aka matse ya kumbura ya baje a kan leda, warin maganin da ake fesa wa gwanjo ya tashi. Mata suka zagaye. Masu sari su ke fara zaɓe, su kwashe na ɗaya, sannan a bar wa sauran jama'a. Dokar kwastan ta Najeriya ta daɗe da hana shigo da tsofaffin tufafi, amma diloli na sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano su tsallako iyaka, su bi ta manyan kasuwanni irin Ƙofar Wambai ta Kano har su iso nan.

Mai rumfar, wani dattijo mai hula Zanna Bukar, ya ɗauko riga ɗaya ya miƙo mini.

"Hajiya, shafa ki ji. Ki shafa sama, ki shafa ƙasa."

Yadin yana da wani ɗan gashi mai laushi wanda ke kwanciya in an shafa. Wannan gashin shi ne sirrin ɗuminsa: bayan an saƙa yadin sai a bi ta kansa da burushin ƙarfe mai siraran haƙora, a tayar da zaren, iska ta maƙale a ciki ta riƙe zafin jiki. Shi ya sa yake da ɗumi ba tare da nauyin suwaita ba, kuma na auduga yana barin jiki ya sha iska in rana ta ɗaga. Shi ya sa kuma mai ƙosai ke naɗe hannunta, don gashin auduga ba ya wasa da wuta. Asalin yadin daga Wales ne a Birtaniya, inda tun ƙarni na 17 ake saƙa shi da ulun tumaki. Daga baya ya zama rigar masu saran katako da ma'aikatan jirgin ƙasa a Amurka, a shekarun 1990 kuma mawaƙan birnin Siyatil suka mayar da shi adon matasa. Rigar da ke hannuna ta yi hunturun wata ƙasa a jikin wani, ga alamar gogewa a gwiwar hannu.

'Yar gwaggo ta iya zaɓe. Tana duba bayan kwala da hammata da bakin hannu, wuraren da riga ke fara mutuwa. Tana ɗaga ta sama ta hango rana ta ciki, in haske ya ratso da yawa ta ajiye. A rumfar takalma ta fi tsanantawa. Ta lanƙwasa tafin takalmin gida biyu ta ga ko zai tsage, ta zuge zif sama da ƙasa, ta sa farce ta ɗan kankari fatar ta ciki. Ta ce yawancin masu ƙyalli roba ce aka yi wa fenti, kuma hunturun Maiduguri ba ya raga musu, cikin 'yan makonni sai su fara ɓarewa kamar bawon albasa. Fata ta gaske ba ta da wannan ƙyallin, amma in ana shafa mata mai za ta yi shekaru. Ta gwada da safa a ƙafarta, ta taka ta dawo, sannan aka shiga ciniki, albarka, ƙara dai, har aka sallama.

Akwai dalilin aljihu a cikin wannan duka, kuma ba abin ɓoyewa ba ne. Tun da aka cire tallafin mai aka kuma saki darajar naira a 2023, kuɗin yadi da ɗinki suka yi sama. Sai kuma ga ambaliyar 10 ga Satumba, 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shiga Gwange da Fori da Gamboru, ya kai har fadar Shehu da wannan kasuwar da muke tsaye. Mata da yawa sun fita da kayan jikinsu kawai, akwatunan aure da laffayoyin da aka tara shekara da shekaru suka tafi a ruwa ko suka ruɓe a laka. Hunturun da ya biyo baya, gwanjo ne ya rufa wa gidaje da dama asiri. Wata maƙwabciyar gwaggo da ta dawo Umarari wurin 'yan'uwa bayan ruwan ta ce mini riga irin wannan ita da 'yarta suke karɓa-karɓa, wadda za ta fita da sassafe ita ke sawa.

A gida ba a sa kayan haka nan. An wanke rigar da ruwan ɗumi, an shanya ta a rana ta wuni, sannan da yamma aka zuba turaren wuta a kasko, aka kifa kabbasa, aka shimfiɗa ta a kai. Matan Borno ba su da na biyu a wannan fanni, kuma gashin filanel yana kama turare ya riƙe fiye da atamfa. Da gwaggo ta ɗaga ta ta shinshina, sai ta ce, "To, yanzu ta zama ta mutane." Washegari da asuba na gan ta a kafaɗarta tana lazimi.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya. Ƙasar nan ta auduga ce kuma ta fata. An buɗe masaƙar Kaduna a 1957, Kano ta cika da masaƙu, yau yawancinsu a rufe suke. Fatar jar akuyar Sakkwato ita ce Turawa suka sani da sunan fatar Maroko tun zamanin ayarin raƙuma, kuma har gobe majemun Challawa da Sharaɗa suna jeme fata a tura Italiya da Sifaniya. Maiduguri kanta ga Kasuwar Shanu, dabbobi na shigowa daga Cadi da Nijar da Kamaru. Amma 'yarmu tana durƙushe a kan leda tana neman takalmin da wata ta gama yayinsa a wata nahiya. Ban ga laifinta ba ko kaɗan, ta yi dabara da abin da ta samu. Ina dai jin zafin cewa buƙatar a fili take, kowace shekara hunturu zai zo, kuma babu wanda ya ɗinka mata nata daidai ƙafarta da rairayin unguwarta.

Kafin in bar garin na kai wa wani baduku da ke aiki a gindin darbejiya kusa da hanyar Baga tsohon but ɗin 'yar gwaggo, wanda tafinsa ya cinye. Ya juya shi a hannu, ya leƙa ciki, ya bi ɗinkin da yatsa.

"Malam, za ka iya yin irinsa sabo?"

"Hajiya, saman ba wuya, fatar akuya ce zan sa, ta fi wannan laushi. Tafin da zif ɗin ne sai na saya. Kuma ki sani, zai fi na gwanjo tsada."

Na ce na ji. Ya sa yarinyar ta taka wani kwali, ya zagaye ƙafarta da biro, ya auna idon sawun da zare ya ƙulla. Ta ce masa dunduniya yatsu biyu, zif ta ciki, kuma baƙi. Na ba da rabin kuɗin, ya ce a dawo bayan Juma'a, a zo da safar da za ta riƙa sawa don a gwada da ita.